Muryar da ta ƙi zama a tsakiya

Sana'ata haɗa sauti. Ɗan situdiyo gare ni a ɗaki ɗaya na gidana, ni da yaro guda mai koyon aiki. Muna ɗaukar murya, mu gyara ta, mu ɗora ta a kan kiɗa. Daga baya sana'ar ta yi reshe ba da shirina ba: masu kafa situdiyo a gidajensu sukan kira ni in duba musu ɗaki. Kusan kullum da magana ɗaya ake tarbata: "Oga, sifikun nan ne ba su da kyau, canza su zan yi." Ni kuwa abin da nake fara zarowa daga jaka shi ne tef ɗin awo.

Da wuya na koyi wannan. A shekarata ta farko wani mawaƙi ya dawo min da aikinsa rai a ɓace. "Malam, me ya kai muryata kunnen dama?" Na kunna masa a ɗakina, ga murya daram a tsakiya. Har na fara musu. Ya miƙo min hedifon, na saka, sai kunya ta kama ni. Da na auna, ashe sifikar hagu ta fi ta dama kusa da kujerata da kamar santimita 15, ga ta kuma manne da bango, ta dama kuwa tana gefen ƙofa a buɗe. Komai a ɗakin hagu yake karkata, ni kuma ina ta tura shi dama don ya daidaita a kunnena. Watanni na yi ina gyara laifin ɗaki a cikin waƙoƙin mutane.

Muryar da kake ji a tsakiya, ai babu sifika a wurin. Ƙwaƙwalwarka ce ke ajiye ta can idan sauti ɗaya ya iso kunnuwanka daga sifiku biyu a lokaci guda, da ƙarfi guda. A kan wannan aka gina sitiriyo, wato raba sauti tsakanin sifikar hagu da ta dama, tun da injiniyan Ingila Alan Blumlein ya yi rajistar fasahar a 1931. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wato kimanin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma ratar da ta kai haka ta isa ta kwashe muryar ɗungurungum zuwa sifikar da ta riga isowa. Santimita 15 ɗina kusan rabin wannan ne.

Shi ya sa alwatika ce farkon aiki. Nisan da ke tsakanin sifikun biyu ya zama daidai da nisan kowacce zuwa kanka, kowacce tana digiri 30 daga tsakiya. A ƙaramin ɗaki mita 1 zuwa 1.5 ya wadatar. Nakan ɗaure zare a jikin kujera, in ja shi zuwa sifikar hagu, in riƙe wurin da farce, in juya zuwa ta dama. Zare ba ya son kai, ido kuwa yana yi. Sai a juyo fuskokinsu su dube ka, layukansu su haɗu kaɗan a bayan ƙeyarka. Ƙaramar sifikar sama, mai fitar da siririn sauti, ta yi tsayi ɗaya da kunnenka kana zaune yadda ka saba zama. A bar su a tsaye. Masu kwantar da su a gefe don hoto ya yi kyau, da sun ɗan gusa kai sai sautin ya canza.

Inda aka fi shan wahala shi ne bangon da ke bayan sifika. Kaurin sauti, wato bes, ba gaba kaɗai yake fita ba, har baya yana zuwa, ya bugi bango ya dawo ya ci karo da ɗan'uwansa. Idan fuskar sifika tana santimita 86 daga bango, wanda ya dawo yakan kashe sautin da ke wajen Hz 100, wato mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, daidai inda nauyin ganga da jita bes suke zaune. Mai ɗaki ya ji waƙa ba nauyi, ya yi ta ƙara bes, a kunna a mota kamar gilashi zai tsage. Ƙarin ba ya cike ramin, don gwargwadon abin da ka ƙara, gwargwadon abin da zai dawo ya kashe shi. A ƙaramin ɗaki na fi son in matsar da su dab da bango, in bar ɗan fili don ramin iskar da ke bayan wasunsu, sannan in rage bes da maɓallin da ke jikinsu. Lungu dai ban yarda da shi ba sam.

Kujera kuma ta fuskanci gajeren bango, ta zauna daidai tsakiyar faɗin ɗaki, amma ban da tsakiyar tsawonsa. Ma'aikata kan fara gwadawa daga kashi 38 cikin 100 na tsawon, in an auno daga bangon da kujerar ke fuskanta, sai kunne ya ƙarasa.

Aikin madubi shi yarona ya fi so. Ina zaune, shi yana jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda na hango sifika a ciki sai in ce masa tsaya, ya yi alama. Nan sauti ke fara dukan bango ya dawo kunne ya dagula inda kake jin kowane sauti yake fitowa, nan za a kafa abin shanye sauti mai kaurin santimita 10 ko kusa da haka, hagu da dama iri ɗaya. Siririn soso sautin sama kawai yake sha. Kwalin ƙwai kuwa, wanda na sha tararwa an lulluɓe ɗaki da shi, kwalliya ce kawai, ita ma ba mai kyau ba. Teburi ma yana mayar da sauti, don haka gara sifiku su hau ƙafafunsu a bayansa.

Gwajin ƙarshe, in saka murya zalla a mono, wato sauti iri ɗaya a sifikun biyu, in rufe ido. Ya kamata ta tsaya siririya a gaban hancina, har in iya nuna ta da yatsa. A wani ɗaki na taɓa jin ta warwatse kamar daga bayan kunnuwa take fitowa, bes ya ɓace. Mai ɗakin har ya sa sifikunsa a kasuwa. Waya ɗaya ce aka juya jan da baƙin. A wani wurin kuma maɓallan ƙara na baya ne ba su daidaita ba.

In komai ya zauna, sai in liƙa salatif a ƙasa kewaye da ƙafar kowace sifika da ta kujera. A nawa ɗakin ma akwai shi, tun ranar da yaron ya yi shara ya mayar da komai da ido.