Abin da ɗigon firinta ya koya mini game da hologiram

Da na karɓi aikin haɗa hologiram, wato zanen ƙananan layuka da ke karkatar da haske ya fitar da hoto, a shekarar ƙarshe ta karatuna, gani nake abin ba wuya. Kwamfuta za ta lissafa zanen, firinta ta buga shi a kan ledar nan garai-garai da ake ɗora wa majigi, in haska leza ta cikinta, hoto ya fito a bango. Mako shida na yi ina bugawa ina yarwa. Kullum sai jan ɗigo mai kashe ido a tsakiya da wani hazo kewaye da shi. Na zargi lezar, na zargi ledar, manhajar ma sau biyu ina sake rubuta ta.

Ranar da na kai wa malaminmu kuka ko bangon bai duba ba. Ya ce, "Ɗigon firintar taka, nawa ne faɗinsa?" Na ce, "Malam, 1200 take bugawa a inci ɗaya." Ya ce, "Ba abin da ke jikin kwali na tambaye ka ba. Raba mu gani."

Inci ɗaya milimita 25.4 ne, in an raba shi gida 1200 kowane ɗigo ya tashi maikron 21 (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Layi baƙi ɗaya da fili ɗaya, maikron 42 ke nan, kuma firintar ba ta iya matsa su fiye da haka. Shi kuwa jan hasken leza tsawon zangonsa maikron 0.65 ne. Yawan karkacewar haske in ya bi ta tsakanin layuka yana tafiya ne da rabon waɗannan biyun, wato 0.65 bisa 42, abin da bai cika digiri ɗaya ba. Bangona yana mita ɗaya daga ledar, don haka hoton bai yi nisa da tsakiya fiye da santimita ɗaya da rabi ba, ƙyallin ɗigon tsakiya ya haɗiye shi. Ashe tun ranar farko yana nan. Muka fita baranda, muka ja da baya mita biyar, sai ga harafin da na zana, guda biyu ma, ɗaya a miƙe ɗaya a kife, kowanne kusan santimita takwas daga tsakiya. Kunyar da na ji ta fi murnar yawa, don lissafin bai ci layi uku ba.

Hoton dai dishi-dishi ya fito. Hodar firinta tare haske take yi, rabin hasken a jikinta yake mutuwa, kuma ko da layukan sun fita tsaf, kashi 10 cikin ɗari kacal ke zuwa kowane hoto ɗaya. In kuwa zanen tudu da kwari ne a jikin abu garai-garai, inda babu abin da ke tare hasken sai dai wani sashe ya ɗan yi jinkiri, ana iya kaiwa kashi 40. Ga shi kuma da na sa ledar a madubin ƙara girma, layukan nawa duk sun yi baki-baki kamar ɓera ya gaigaye su.

Daga nan na koma karatu, na tarar an riga ni shiga wannan ramin. A 1966 masu bincike Lohmann da Brown, a kamfanin IBM, sun fitar da hologiram da kwamfuta ta lissafa, alhali injin zanensu ya fi firintata gwaɓi nesa ba kusa ba. Zanen suka yi ƙato a takarda, suka ɗauke shi hoto a fim, ya ƙanƙance. Na bi sawunsu. Na buga a takardar A4, na ɗauka da fim baƙi da fari mai laushin ƙwaya, girman ya ragu kusan sau takwas. Layukan da ke maikron 42 suka dawo wajen biyar, hoton ya buɗe har ana ganinsa a kan tebur. Wahalar ta koma wajen saita kyamara, don in ta ɗan goce duk layukan sai su narke cikin juna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faifan CD da ke yashe a aljihun tebur duk tsawon lokacin. Tazarar layukansa maikron 1.6 ce, yana karkatar da jan haske wajen digiri 24. Na DVD 0.74 ce, ya haura digiri 60. Babu firintar ofis da za ta kusanci wannan. Na ɓare fatar saman wani CD-R, wato faifan CD da ake ɗora wa bayani, da salatif, na dama ruwan silikon kashi goma da maganin da ke sa shi daskarewa kashi ɗaya, na zuba a kan faifan, na bar shi kwana biyu. Na farko kumfa ta lalata shi, don na yi garajen zubawa. Na biyu da na ɗaye, roba ce garai-garai mai raba farin haske launi-launi kamar bakan gizo, ta kwashe layukan faifan kaf.

Masana'antu ma haka suke yi. Hologiram ɗin da ke jikin katin banki ba ɗaya-ɗaya ake zana shi ba. Uwa guda ake yi da tsada, a ciro tambarin ƙarfen nikel daga jikinta, a riƙa danna shi a kan leda dubbai. Irin mai launin bakan gizo da masanin kimiyya Stephen Benton ya ƙirƙiro a 1968 shi ya dace da wannan hanya, tunda ana ganinsa da hasken ɗaki ba sai da leza ba.

Sai dai robar tawa layukan wani ta kwafo, ba ta iya nuna harafina. A rahoton ƙarshe guda biyu na miƙa: robar silikon mai maikron 1.6 da ba ni na zana ba, da guntun fim mai maikron biyar ɗauke da harafina.