Haɗuwarmu a Birnin Kebbi

A ƙarshen makon da ya gabata, mu da muka yi aji ɗaya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato muka taru a Birnin Kebbi, wasu daga Gusau, wasu daga Yawuri da Zuru. Da na shiga zauren taron, na miƙa wa wani dattijo mai furfura hannu cikin ladabi na ce, "Alhaji, barka da zuwa," sai ya riƙe hannuna gam ya kira ni da sunan tsokanar da na yi shekaru ban ji ba. Ashe wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi ne, muna jiƙa garin kwaki a kwano guda idan kuɗin gida sun yi jinkiri.

Hirar da ta fi tsawo ita ce ta ambaliyar 2010, wadda ta tafi da gadar da ke kai mutum mazaunin jami'ar na dindindin, domin kowa yana da nasa labarin, kuma a ganina wasu sun ƙara wa nasu gishiri. Ranar Asabar muka leƙa Argungu, muka zaga gidan tarihi na Kanta.

Da daddare aka karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, zauren ya yi tsit. Bayan addu'a muka amince da yin karo-karo domin karatun marayun da suka bari, aka kuma tsayar da Gusau a matsayin wurin haɗuwa ta gaba, in Allah ya kai mu.