Wasiƙa daga Tokyo a kan gyaran maɓallan tsofaffin hannayen gem

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida, musamman masu gyaran waya da rediyo da masu riƙe da gidajen gem,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku ne daga birnin Tokyo a kan wani ɗan aiki da ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci a wajenmu ba, alhali a nan Japan har masu furfura suna zama su yi shi cikin natsuwa, wato gyaran maɓallan tsofaffin hannayen gem da suka gaji da danni. Abin da nake so in isar muku shi ne, yawancin hannayen da muke jefarwa da sunan sun mutu ba su mutu ba; datti ne da wata 'yar roba suka hana su aiki, kuma sau da yawa gaggawar mai gyara ce take ƙarasa su.

A unguwar Akihabara, wadda ta shahara da kayan lantarki, akwai shaguna irin su Super Potato da suka keɓe kansu ga tsofaffin na'urorin gem, inda za ka tarar da Famicom da Super Famicom da Mega Drive a jere, an goge kowace an naɗe ta a leda. A shagunan kayan hannu kuma, irin su Hard Off, akwai ɓangaren kayan da ba a ba da tabbacin suna aiki ba, inda ake zuba hannayen gem a manyan kwanduna ana sayar da su da araha, mai saye ya je ya ji da su. Dalilin da ya sa wannan kasuwa take raye a fili yake. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a watan Yulin 1983, ya daina ƙera ta a 2003, sannan a 2007 ya daina karɓar gyaranta saboda ƙarancin kayan gyara. Tun daga lokacin, duk wanda yake son hannunsa na asali ya ci gaba da aiki, sai dai ya koyi buɗe shi da kansa ko ya nemi wanda ya iya.

Kafin a taɓa sukurdireba, ya kamata a san yadda maɓallin yake aiki. Abin da babban yatsa yake dannawa hula ce kawai ta roba mai tauri. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar roba mai laushi ta silikon, wadda aka yi mata tudu kamar an kife ƙaramar ƙwarya, kuma wannan tudun ne yake lotsawa idan an danna, ya kuma tura maɓallin ya dawo idan an saki. A cikin tudun akwai wani ɗan baƙin ɗigo na kabon mai wuce da wutar lantarki, sai kuma can ƙasa a jikin allon hannun akwai layuka biyu da suka shiga tsakanin juna ba tare da sun haɗu ba. Idan baƙin ɗigon ya sauko ya kwanta a kansu, sai ya haɗa su, na'ura ta san an danna. Babu sifirin na ƙarfe a ciki, babu wani makunni mai sarƙaƙiya. Wannan tsari ne ya ratsa daga Famicom zuwa Mega Drive ta kamfanin Sega a 1988, da Super Famicom a 1990, da PlayStation ta farko a 1994, kuma shi ne a cikin rimot ɗin talabijin da ke ɗakinku.

Matsalar maɓalli ta faro ne tun daga farkon fitowar Famicom. Hannayen farko suna da maɓallan A da B masu kusurwa huɗu, na roba mai laushi zalla, waɗanda suke maƙalewa a cikin raminsu idan an danna da ƙarfi, suna kuma saurin yagewa, har sai da kamfanin ya maye gurbinsu da zagayayyu masu tauri da kowa ya sani. Yau waɗannan masu kusurwa huɗu su ne masu tara kayan tarihi suke nema ido rufe, saboda haka wanda ya ci karo da irinsu kada ya sauya musu komai.

Lalacewar maɓalli iri biyu ce, kuma yatsa yana iya rarrabe su kafin a buɗe. Idan maɓallin ya yi laushi, ba ya dawowa da kuzari, ko ya nutse ya zauna, to wuyan tudun robar ne ya tsage, kuma wannan ba ya gyaruwa da wanki. Idan kuwa yana dawowa lafiya amma sai an matsa da ƙarfi sannan ya amsa, to baƙin ɗigon ne ya yi santsi, ko gumi da maiƙon hannu da ƙura sun yi masa shamaki, har da wani ɗan mai da tsohuwar robar silikon take fitarwa da kanta idan ta daɗe. Akwai wata dabara mai sauƙi da na gani a wajen masu gyara a nan, wadda ta burge ni saboda ba ta buƙatar kayan aiki: a hannun Famicom, robar A da B guda ɗaya ce mai tudu biyu, don haka sai a juya ta, tudun A ya koma gurbin B. Idan matsalar ta bi robar ta koma B, an gano mai laifi. Idan ta tsaya a A, to a duba allon. Mai mitar awon wutar lantarki kuma yana iya auna baƙin ɗigon da ake zargi ya kwatanta shi da na maɓallin Select, wanda ba a cika dannawa ba, sai dai ya karanta lambar da mitar ta nuna, kada ya jira ƙararta, domin kabon ko mai lafiya ne yakan yi tirjiyar da za ta hana mitar yin ƙara.

Wajen buɗewa, a lura cewa notunan kayan Japan suna kama da masu kan gicciye da muka saba, amma an yanka su ne bisa ma'aunin ƙasar da ake kira JIS, kuma sukurdireban da bai zauna daidai ba yakan zame ya cinye kan notin. A danna shi sosai kafin a murɗa. A kife hannun, fuskarsa tana ƙasa, sannan a ɗaga marfin baya, in ba haka ba maɓallan za su watse a ƙasa, kuma yana da kyau a ɗauki hoto da waya kafin a cire komai, musamman yadda aka lanƙwasa igiyar a tsakanin 'yan ginshiƙan da ke ciki. Hulunan maɓallan da kwanson hannun a wanke su da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, ita ma robar a wanke ta a hankali, a bar komai ya bushe sarai a inuwa. Layukan allon da baƙaƙen ɗigon kuwa a shafe su da auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, wanda ake kira isopropyl, mai kashi 90 cikin 100 ko sama da haka. Audugar za ta yi baƙi, kuma a nan ne ake bukatar kamun kai, domin wani ɓangare na baƙin datti ne, wani ɓangaren kuma kabon ɗin ne da kansa. Shafa biyu ko uku sun wadatar.

A nan nake so in yi magana kai tsaye da 'yan'uwana masu gyara, domin na san al'adarmu ta wanke allo da fetur ko tina, da kankare abu da reza ko sanfefa har ya yi ƙyalli. Wannan ba ya yi wa hannun gem daɗi ko kaɗan. Fetur da kananzir suna kumbura robar silikon su ɓata siffar tudun, tina kuma tana narka irin robar da aka yi kwanson da ita, ta bar tabon da ba ya fita. Layukan allon da yawa baƙaƙe ne tun daga masana'anta, domin da kabon aka buga su, saboda haka wanda ya kankare su yana neman jan ƙarfe ya fito, ya cire abin da yake sa maɓallin aiki ne da hannunsa, kuma jan ƙarfen da ya tone zai yi tsatsa cikin ɗan lokaci. Ƙwarewar da ake da ita a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba. Abin da yake nema kawai shi ne hannu mai sauƙi.

Idan wanki bai wadatar ba, akwai dabarun da ake yi. Goga bakin fensir a kan ɗigon yana farfaɗo da shi, amma na 'yan kwanaki ne, kuma garin fensirin yakan zuba a kan layukan ya sa maɓallin ya riƙa danna kansa. Manna ɗan guntun takardar alminiyom yana aiki, sai dai gam ba ya kama silikon da kyau, kuma ranar da guntun ya ɓalle zai yi yawo a kan allon. Akwai fenti na musamman mai wuce da wuta da ake sayarwa don gyaran rimot, wanda ya fi waɗannan ƙarko. Mafita ta gaskiya ita ce sauya robar, kuma a ra'ayina robar asali da aka ciro daga wani hannun da kwansonsa ya fashe ta fi sababbin da ake sayarwa a intanet, waɗanda sau da yawa sukan fi tauri ko tsayi, har maɓallin gicciye na hagu ya riƙa karkata zuwa inda ba a tura shi ba. Wanda ya saba da hannun asali yakan ji bambancin tun a dannin farko.

Hannun PlayStation 2, wanda aka fi wahalarwa a gidajen gem ɗinmu saboda wasan ƙwallo, yana da nasa hali. Na'urar ta fito a shekarar 2000, kuma hannunta DualShock 2 yana gane ƙarfin danni, kuma layukan maɓallansa suna kan wata siririyar leda mai lanƙwasuwa, ba a kan allo mai tauri ba. Wannan leda ba ta jure zafin ƙarfen narka dalma, ba ta kuma jure gurza, kuma idan layukanta sun mutu sai dai a sauya ta gaba ɗaya. Tun da an ƙera hannun a samfura daban-daban, a karanta lambar da aka buga a jikin ledar kafin a sayo wata, domin ba kowace ce take shiga gurbin 'yar'uwarta ba.

Idan kuma maɓallai da yawa suka ɗauke lokaci guda, to a daina zargin roba. A fara da igiya, wadda takan karye daga ciki a daidai inda ta fito daga hannun, sanadiyyar naɗe ta da ƙarfi a jikinsa da ake yi bayan an gama wasa. A yanke wurin da ya karye a sake haɗawa. A hannun Famicom na asali akwai ƙaramin aisi, wato ɗan baƙin guntun lantarki mai ƙafafu da ke manne a allo, mai lamba 4021 da yake tattara dannin maɓallan ya aika wa na'ura, kuma har yanzu ana samunsa a wajen masu sayar da kayan lantarki. Kwaikwayon Famicom da suka cika kasuwanninmu a da kuwa, galibinsu baƙin dunƙulen gam ne a manne a allon a madadin aisin, wanda ba ya sauyuwa, amma robobinsu da igiyarsu suna iya ceto wani hannun.

Yanayinmu ya fi na nan tsanani a kan waɗannan kaya, domin ƙurar hunturu tana shiga ta gefen kowane maɓalli, zafin bazara kuma yana ƙara gumin 'yan wasa. Shawarata ga masu gidajen gem ita ce su riƙa buɗe hannayensu suna gogewa idan hunturu ya wuce, su riƙa rufe su a leda ko akwati idan an tashi, su kuma tanadi gwangwani guda da za su riƙa ajiye robobi da huluna da notunan duk hannun da ya fashe, a ware na kowace na'ura daban.

Ina miƙa gaisuwa ga iyaye da malamai da sauran 'yan'uwa baki ɗaya. Allah ya sa albarka a sana'o'inku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Tokyo