Daren Lahadi a ɗakin waɗanda aka yi wa aiki

Mutanenmu na Damagaram suna son a yi musu aiki ranar Juma'a. In likita ya ce ranar Juma'a za a shiga da mutum, sai ka ga fuskar dangi ta washe: babbar rana ce, ga Asabar da Lahadi na tafe, kowa zai samu zuwa dubiya. Na ƙauye kuma Alhamis ce ranarsu, su ci kasuwar Dole su kawo mara lafiya a mota ɗaya, a ba shi gado ya kwana, gobe a yi. Ni ma da wannan tunani na fara aikin jinya. Sai da na shekara biyu ina gardi, wato aikin kwana da na ranakun hutu, a ɗakin maza na sashen tiyata kafin na gane cewa wuƙar Juma'a da ta Litinin duk ɗaya ce. Kwana biyun da ke biye da ita su ne ba ɗaya ba.

Wani saurayi daga wajen Tanut ne ya koya mini, shi ya biya kuɗin karatun da jikinsa. Taifot ta huda masa hanji watannin baya, aka fito masa da bakin hanjin ta gefen ciki, yana bayan gida a leda. Ya murmure, aka sa Laraba za a mayar a ɗinke. Larabar aka kawo masu hatsarin mota, blok, wato ɗakin tiyata, ya cika, aka ɗaga zuwa Juma'a. Aka yi aikin lafiya tun kafin a tafi masallaci.

Na karɓi gardi ranar Lahadi da yamma, ni da wata ɗaliba mai koyon aiki, gadaje sun haura talatin. Wanda bai taɓa shiga asibiti ranar Lahadi ba zai ce babu ranar da mara lafiya ke samun kulawa kamarta. Tabarmi har bakin ƙofa, kwanukan tuwo, kwallayen fura, ana ta sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Mutum goma a kan gado ɗaya, amma babu mai ƙirga numfashi. Ƙarfe 8 na dare na auna bugun zuciyar yaron, 96. Sha biyun dare, 112. Kafin kiran assalatu ya kai 126, jiki ya ɗauki ɗumi. Duka ukun na rubuta a takardarsa, da kyakkyawan rubutu ma.

Mahaifiyarsa ta riƙo gefen rigata ta ce, "Ɗana, numfashin yaron nan ba irin na jiya ba ne."

Na ce, "Inna, zafin ɗinki ne. An yi masa allura, zai lafa."

Lambar likitan tana cikin wayata. Ban kira ba. Na san ya kwana a blok daren Asabar, kuma ban so a ce ga ƙaramin ma'aikacin da ya tashi babba daga barci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Litinin da safe majo, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakinmu, ta ɗaga takardar, ta dube ni, ta ɗora hannu a cikin yaron, ya yi tauri kamar allo. Ɗinkin ya saki, ƙazanta na zuba a ciki. Aka koma da shi blok a guje. Ya rayu, amma ledar ta dawo, ya ƙara sati biyar a kwance, uban ya sayar da awakinsa. Majo ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ofis ta kira ni ta ce, "Ƙanena, takarda ba ta buga waya. Da ka tashe shi a banza, faɗa kawai zai yi maka, faɗa kuwa bai taɓa ba wa kowa gado ba."

Daga baya na tarar har ƙasashen da suka fi mu komai suna fama da wannan abu. A 2001 Bell da Redelmeier suka duba mutum kusan miliyan 3.8 da aka kwantar cikin gaggawa a jihar Ontariyo ta Kanada, suka ga a wasu cututtuka wanda aka kawo Asabar ko Lahadi ya fi mutuwa. Wanda babbar jijiyar jinin cikinsa ta fashe, misali, 42 cikin 100 ne suka rasu a ƙarshen mako, 36 a ranakun aiki. A 2013 kuma Paul Aylin da abokan aikinsa a Landan suka fitar da nasu a mujallar BMJ, kan tiyata sama da miliyan 4 a Ingila, irin wadda aka sa wa rana, ba ta gaggawa ba. In aka gwada da Litinin, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 ya ƙaru da kashi 44 cikin 100 ga na Juma'a, da kashi 82 ga na Asabar da Lahadi. A nan mutane ke ruɗewa. Ba wai 44 cikin 100 ke mutuwa ba. Dukansu in aka haɗa, waɗanda suka rasu ba su kai 7 cikin 1000 ba. Ƙaramin haɗari ne ya ƙaru, amma wanda abin ya faɗa wa gida ba ruwansa da ƙanƙantar lissafi.

Akwai masu ja, kuma ba su rasa hujja ba. Sun ce wanda ke zuwa asibiti ranar hutu dama ciwonsa ya fi tsanani, mai dama-dama yakan jira Litinin. Wani bincike na Oksfod a 2017 ya sa sakamakon awon jini cikin lissafin, sai wajen sulusi zuwa rabin bambancin ya ɓace. Na yarda da wannan a kan masu gaggawa, don ina gani: mai gwaiwar da ta shaƙe yakan sha jiƙe-jiƙe kwana uku, sai ciki ya kumbura a ɗauko shi daga Magarya ko Gure cikin dare. Amma saurayin Tanut da ƙafarsa ya shigo.

Binciken da ya fi zaunar da ni shi ne na Afirka da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2018, ƙarƙashin Bruce Biccard. Ƙasashe 25, har da Nijar, asibitoci 247, marasa lafiya 11,422. Mutanenmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin tsofaffin cututtuka, duk da haka haɗarin mutuwarsu bayan tiyatar da aka sa wa rana ya ninka. Cikin 239 da suka rasu, 225 ba ranar aikin suka rasu ba, sai bayanta. Wato ba a hannun mai wuƙa ko mai sa barci ba, a ɗakinmu ne, a gaban irina. Zubar jini yakan nuna kansa a kwana na farko da na biyu, ruɓa da sakin ɗinki su biyo baya. Wanda aka yi wa aiki Litinin, waɗannan kwanaki suna riskarsa likitoci na zagaye, labo, wato ɗakin awon jini, a buɗe, mai hoto na nan. Na Juma'a kuwa, rana ce ta rabin yini ga ma'aikaci. Daga azahar sai masu gardi, in ana neman jini sai an bi dangi ɗaya-ɗaya a waya.

Ba mu iya ƙara ma'aikata ba, ba a hannunmu yake ba. Abin da muka iya, muka roƙi likitoci a riƙa sa manyan ayyukan ciki daga Litinin zuwa Laraba, a bar wa Juma'a ƙanana irin waɗanda mutum ke kwana ɗaya ya tafi. Duk wanda aka yi wa babban aiki, gadonsa na kusa da teburin mai gardi, inda ido ke kai. Miƙa gardi kuma a bakin gado ake yi, a tsaye, an daina barin littafi a kan tebur a wuce. Majo ta manna takarda a bango da jar biro: bugun zuciya in ya wuce 110 yana hawa, ko fitsari ya ɗauke, a kira, ko ƙarfe nawa ne.

Wani abu da nake tsoro shi ne mutum ya ji wannan magana ya ƙi kawo mai naƙudar da ta gagara ko mai murɗar hanji don yau Asabar. Wannan ba ya jiran Litinin, jiran ne ma ke kisa. Zancen zaɓen rana na wanda likita ya ba rana ne.

Ƴan jinya ne na fi sauya musu kallo. Da ina ganinsu masu cika ɗaki da ba mara lafiya fura a ɓoye. Yanzu duk Juma'a da yamma nakan zaɓi mutum ɗaya a kowane gado, yawanci tsohuwar da ba ta runtsawa, in nuna mata abu uku: numfashi in ya yi sauri, ciki in ya taso, ledar fitsari in ta daina cika. Satin da ya wuce wata daga Mirya ta tashe ni sau huɗu a dare ɗaya. Uku babu komai. Na huɗun, robar fitsarin ce ta lanƙwashe ƙarƙashin cinyar mijinta, na miƙe ta, fitsari ya zubo. Ta ce, "Ka yi haƙuri ɗana, na hana ka barci." Na ce, "Inna, in kin ga na biyar ma ki zo."