Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Leɓen Ƙasa

Na yi alkawarin yau zan shiga zancen aurena, amma abin da ya faru ranar Talata ya sha gabana. An kawo mini yaro ɗan shekara 13, wai malaminsa ya ce bakinsa ya karkace, a gyara masa. Yana ɗaga ƙaho na ga inda ƙoƙon busar, ɗan ƙarfen nan da ake ɗorawa a leɓe a hura, ya zauna: can ƙasa, leɓen ƙasa ya cika shi, na sama ɗan kaɗan ya leƙa. Sai da na nemi kujera. Haka nawa bakin yake kafin a taɓa shi.

Kawu, Allah ya jiƙansa, bai san karatun kiɗa ko harafi ɗaya ba. Ranar da ya ji na busa begila ya ga ƙoƙon a ƙasa, dariya ya yi ya ce, "Ku bar shi, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Maigidanmu na badujala bai bar ni ba. Ba zan kama sunansa ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, kuma a hannunsa na koyi ƙidayar kiɗa. Ya zo ta bayana, ya sa babban yatsa ya tura ƙoƙon sama har ya kusa taɓa hancina.

"Kashi biyu a leɓen sama, ɗaya a ƙasa. Doka ce."

"Ranka ya daɗe, a nan sauti ba ya fita."

"Zai fita."

Shekara uku ina jira ya fita. Muryoyin saman da nake kamawa kamar wasa suka gudu. Akwai wani wuri a tsakiyar hawa da sautin kan tsage kullum, kamar muryar saurayi mai balaga, kuma cikin leɓena bai rabu da tabon haƙori ba. Daga sahun gaba aka mai da ni baya. Yaya ta ce shan sigari na fara. Wallahi ban taɓa ba, kuma har yau ba ta janye maganar ba.

Shekarun da na ajiye ƙaho babu abin faɗa a cikinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne dokar ma babu ita. Arban, Bafaranshen da masu ƙaho ke karatun darussansa tun 1864, cewa ya yi kashi biyu a leɓen ƙasa, ɗaya a sama. Saint-Jacome na zamaninsa ya faɗi akasin haka. Biyu a sama ɗin shi Philip Farkas ya koyar, kuma shi wani ƙaho daban, wanda ake kira ƙahon Faransa, yake busawa a Cikago. Da na san haka ina ɗan 15, da me zan yi? Ƙila babu. Wa ya isa ya yi musu da maigida?

Na haura arba'in kafin in ji sunan Donald Reinhardt, mai busa turambon, wani dogon ƙaho, a Filadalfiya, wanda ya rasu a 1989. Shi bai kafa doka ba, zama ya yi yana kallon bakunan mabusa yana rarraba su. Daga baya wani mai turambon, Doug Elliott, ya taƙaita rabon zuwa uku. Na samo ƙoƙon busa na roba garai-garai, wanda ake hango ciki, na tsaya gaban madubi. Idan leɓen sama ya fi yawa a ciki, iska ƙasa take nufa. Idan na ƙasa ya rinjaya, sama take yi, ko ina bakin ƙahon ya kalla. Ni mai hura sama ne. Mu ne marasa yawa, shi ya sa malamai ke ganinmu su ce cuta ce. Tsagewar nan ma na gane ta: maigida ya tura sama, bakina ya ja ƙasa, ƙoƙon ya maƙale a tsakiya, iskar tana juyawa daga ƙasa zuwa sama ana cikin hawa.

Yanzu in an kawo mini ɗalibi ba na duba haƙoransa in yanke hukunci, siffar haƙora kaɗai kan yaudari mutum. Sa shi nake ya hau daga murya zuwa takwararta ta sama ba tare da harshe ba, ina kallo daga gefe. Ƙoƙo da leɓe tare suke zamewa a kan haƙora. Mai ƙoƙo can sama yakan tura su wajen hanci in zai hau. Mai ɗan sama-sama ja yake ƙasa, kuma sau da yawa ƙahonsa a sunkuye yake. Irina, ƙoƙo a ƙasa, mu ma ƙasa muke ja. Kawu da bai san ko ɗaya cikin wannan ba ya riga su faɗa, da tsuntsunsa.

Yaron ya hau, ya sauko, ya sake hawa, sauti tas. Mahaifinsa ya ce, "Malam, to wata nawa gyaran zai ɗauka?" Na ce, "Alhaji, numfashinsa za mu gyara, bakin kuwa kada wanda ya taɓa." Bai ji daɗi ba, ya ce zai tuntuɓi wancan malamin. Sun ce za su dawo ranar Asabar.

Zancen auren sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.