Ranar da na ci Kumasi da yaƙi

Asabar, unguwarmu Aboabo a nan Kumasi. Koko da ƙosai da safe, sai shago. Kasuwa shiru, na rufe da wuri.

Bayan la'asar na koma kan Civilization VI, wasan kwamfuta na gina daula, inda na yi sati uku ina jan Mali da Mansa Musa. Ina tsaka da shi Kawu ya yi sallama, an tashi daga darar gindin bishiya ke nan. Da ma ya saba wucewa ciki wajen Maman yara, yau kuwa sai ya jawo kujera.

"Ɗana, wannan abin da ke hana ka fitowa hira, yaya ake yinsa?"

Na ce, "Kawu, ɗan'uwan dararku ne. Ka yi takunka, abokan gaba su yi nasu. In ka tashi salla, ba abin da zai motsa sai ka dawo."

Wannan ya burge shi. Ya ce wasan da ke jiran mutum ya yi tunani, wasan manya ne. Ni ma abin da ya riƙe ni ke nan tun ina saurayi: ka fara da ƙauye ɗaya da mayaƙa 'yan kulki, ka zaɓi noma ko rubutu, sai bayan taku hamsin ka ga abin da zaɓinka ya haifar. Na ba shi labari tun daga na farko da Sid Meier, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya fitar a 1991. Ni na huɗu na fara sani, na 2005, lokacin da kake tara runduna ashirin a gida ɗaya ka tura. Na 2010 ya hana haka, gidajen suka koma masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, runduna ɗaya gida ɗaya. A na 2016 gari ya bazu, unguwar kasuwa daban, ta malamai daban. Kawu ya ce, "Ashe da zango ma."

Sai ya nuna garin da hayaƙi ke tashi. "Wannan fa?"

Na ɗan yi jim. "Kumasi ne, Kawu."

A wasan Kumasi ƙaramar ƙasa ce mai gari ɗaya. Ba a bugawa da ita, sai dai ka yi abota da ita ta hanyar jakadu ko ka murƙushe ta. Wani sarki ya fi ni jakadu ya janye ta, ni kuma jiya da dare haushi ya sa na kewaye ta da majaujawa. Abotarta ma a fatauci take amfani, abin da nake nema ke nan tun farko.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya ce Turawan Ingila sun ƙone garin nan a 1874, tsofaffin Asante ba su manta ba. Ya ce kakanninmu da jakuna suka biyo hanyar Gonja, suka kawo kanwa da fata Salaga suka sayi goro, daga baya suka gangaro nan aka ba su masauki. "Da kaya muka zo, ɗana. Ko a wasa ban so na ga hannunka a nan ba."

Bai yi faɗa ba. Ya miƙe ya shiga ciki ya karɓi tuwonsa.

Na san hoto ne a kwamfuta. Na ci garuruwa ba adadi a wasan nan, ko ɗaya bai taɓa tsaya mini a rai ba, don babu wanda na san ƙamshin kasuwarsa. Kuma wasan bai tilasta ni ba. Ana cinsa da ilimi, da al'ada, da addini. Ni na zaɓi takobi saboda ya fi sauri.

Auta ya dawo daga makarantar dare yana ta zumuɗi, wai a na bakwai da ya fito a 2025 an sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanni. Kwamfutata ba za ta ɗauke shi ba. Na ce masa sai Allah ya hore.

An ɗauke wuta bayan isha'i, aka dawo da ita wajen sha ɗaya. Na nemo ajiyar wasan ta daren Alhamis, kafin in tura runduna, na buɗe ta. Taku talatin da wani abu sun tafi, har da babbar kasuwar da na gina. Na mayar da mayaƙan gida, na aika ayarin fatake ɗaya Kumasi. Gobe in Kawu ya biyo zan nuna masa hanyar da ayarin ya bi.