Wasiƙa daga gaɓar tekun Ingila: na je su a tsakiyar sanyi

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina gajiya, ya iyali. Gaisuwar ta tsaya nan, don tun ranar da na sa hotona riƙe da sandar fatsa wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce ina ne nan, wancan ya ce ashe ɗan Yawuri ko a Turai ba ya barin su, gwaggona kuwa saƙon murya ta aiko tana tambaya wai da gaske ƙaguwa nake ci yanzu. Zan amsa duka, ban da batun kuɗin haya da kuka daɗe kuna damuna da shi.

Garin sunansa Cromer, a gabashin Ingila, bakin Tekun Arewa. Daga Norwich inda nake zaune tafiyar kamar minti 45 ce a jirgin ƙasa. Lokacin zafinsu wurin cika yake maƙil da 'yan yawon shaƙatawa. Ni ƙarshen Disamba na je, saboda masauki ya fi araha, sai na tarar shaguna da yawa a garƙame, bakin ruwa daga ni sai tsuntsaye sai wasu tsofaffi masu yawo da karnuka.

Kada wanda ya ƙara yi mini kukan hunturun gida. Iskar nan daga teku take tasowa, babu tudu babu itacen da zai tare ta, ta ratsa riga huɗu ta same ka a ƙashi. Babbar masifar a hannu take. Da safar hannu ba ka iya soka tsutsa a ƙugiya, in kuma ka cire, kafin ka gama yatsun sun sandare, ƙugiya ta soke ka ba ka sani ba sai ka ga jini. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa huɗu suke, don haka alwala ɗaya na riƙa lallaɓawa kamar ƙwai, gudun taɓa ruwa.

Ranar farko na sha kunya. Na iso da ɗokina, na tarar teku ya janye can nesa, sai yashi da tsakuwa. Wani dattijo ya dube ni, ya dubi sandata, ya tambaye ni ko na duba jadawalin ruwa. Ashe teku sau biyu yake cika a kwana guda, sau biyu yake janyewa, kullum kuma yana jinkirtawa da kusan minti 50, domin wata ne ke jan sa. Cika mafi girma tana zuwa wajen tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu. Na ce ikon Allah, mu da muke lissafi da wata tun kakanni, ga shi nan Bature ma da shi yake fita su. Ɗan littafi ne ake sayarwa a shagon kayan fatsa, da lokutan shekara guda cif.

Sai maganar takarda, wadda har yau ta ɗaure mini kai. A ƙasar da komai sai da takarda, jefa fatsa a teku ba ya buƙatar lasisi. Amma ka jefa a kogi ba lasisi, tara na iya kai fam 2,500, kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kamun yawancin kifin kogi, don ya samu ya yi ƙwai. A teku abin da ke tsaron ka shi ne ma'auni. Kifin da suke kira waitin, wanda ya fi yawa da sanyi, sai ya kai santimita 27. Kifin kod santimita 35, kifin bas 42. Na kama waitin bakwai a dare biyu, biyar ba su kai ba. Babu ɗan sanda, babu kowa, duhu ne, amma mutumin da ke gefena ya auna nasa ya mayar, ni ma na mayar da nawa ina jin zafin abin a rai. Sai na tuna masu tace 'ya'yan kifi da gidan sauro, da masu zuba gamalin a tafki, sannan mu zauna muna cewa giwan ruwa ta yi wuya a kasuwa.

To Gwaggo, ga amsarki. Akwai wata gada da ta shiga teku ta tsaya, tsawonta mita 151, an buɗe ta a 1901. Daga kanta yara ke zura igiya da ɗan raga a ɗaure. Su naman alade suke sawa, ni kan kifi na ɗaura. Ƙaguwar da ke hawowa ƙarama ce, koriya-koriya, ba a cin ta, a bokiti ake kallon ta a mayar. Da sanyi ma lafewa take, uku kawai na samu. Wadda ake ci jar ce mai faɗi, masunta ke kamo ta da tarko a kan farin dutsen alli da ke ƙarƙashin ruwan. Garin ba shi da tashar jiragen ruwa, da tarakta ake tura kwale-kwale cikin teku a kuma jawo shi. Kakarta daga wajen Maris take zuwa ƙarshen zafi. Wadda faɗin bayanta bai kai milimita 115 ba, ko mai ɗauke da ƙwai, dole a sake ta. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, don haka na taɓa ci bara. Naman zaƙi-zaƙi ne, sai da na barbaɗa yaji, kuma wahalar ɓarewa ta fi naman yawa.

Kuɗin haya kuwa, ku bar shi sai wata wasiƙar, yau raina ba zai ɗauka ba. Duk mai tahowa a watan gobe ya riƙo mini yaji da kuka, nawa sun kusa ƙarewa.

Naku, daga Norwich.